Mai Karanta Bango

A ƙarshen watan Maris, lokacin da iskar hunturu ta kwanta, zafin bazara ya fara dafa mutum tun da hantsi, idan ka bi lungunan Tafoki ko wani gari daga garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, kana iya cin karo da wani dattijo yana zagaya ɗakin ƙasa a hankali, hannuwansa a baya. Ba cebur a hannunsa, ba cokalin gini. Maigidan na biye da shi yana ta bayani, shi kuwa sai gyaɗa kai. Can sai ya tsaya, ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne. Ya ƙara taku biyu, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya durƙusa ya sa farce ya kankari gindin ginin, ya murza abin da ya fito tsakanin yatsunsa, wani lokaci har ya kai shi bakin harshe. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka jan lokaci yake yi. Magini ne, kuma rabin aikin da aka kira shi dominsa a wannan zagayen yake gama shi.

Bango mai lafiya amonsa a toshe yake, kamar ka bugi buhun dawa. Inda ya amsa kamar ƙwarya, to yaɓen ya rabu da jikin ginin, ko kuma gara ta yi hanya a ciki tana cin ciyawar kwaɓi. Garin da ya kankaro daga gindi, in ya ji shi da ɗanɗanon gishiri ko kanwa, ya san danshi ne ke tasowa daga ƙasa yana hawa bangon, ya bushe ya bar gishirinsa, gishirin kuma ya riƙa marmashe ginin kaɗan-kaɗan har gindin ya rame ya bar nauyi a sama. Daga nan sai ya ɗaga kai ya bi sawun ruwa. Kowace damina tana barin rubutunta a jikin bango: zane-zanen da ruwa ya yi yana gangarowa, da wurin da tsakuwa ta fito fili don ƙasar da ke riƙe da ita ta wanke. Bangon gabas ya fi shan wuya, domin daga can hadarinmu ya fi tasowa, iska ta kwaso ruwa ta watsa masa.

Sai tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma magini ya san maganar nan tun kafin ta zama karin magana. Amma a wurinsa tsaga ba iri ɗaya ba ce. Akwai 'yan ƙanana masu kama da fasau, waɗanda a yaɓe kawai suka tsaya, ba su da wani haɗari. Akwai wadda ta miƙe daga sama zuwa ƙasa a kusurwa, inda bango biyu suka haɗu, alamar ɗaya yana neman rabuwa da ɗan'uwansa. Akwai mai faɗi a sama, siririya a ƙasa, wadda ke nuna harsashi ya zauna ta gefe guda. In yana shakka, sai ya ɗebi ɗan kwaɓi ya liƙa a kan tsagar, ya ce wa maigida zai dawo bayan kasuwa biyu. Ya dawo ya tarar da liƙin yadda ya bar shi, tsagar ta mutu, ɗinki kawai take so. Ya tarar ya tsage, ginin yana motsi har yanzu, kuma ba zai yarda a kwana a ɗakin cikin marka ba.

Abin da ya sa na tsaya kan wannan mutum shi ne maganar tallafin gidaje, wadda duk shekara take tasowa da zarar ruwa ya yi ɓarna. Mun saba ji a rediyo: gidaje kaza sun rushe, hukumar agajin gaggawa ta jiha ko ta tarayya ta kai bandir-bandir na kwano, da buhunan siminti, da katako da ƙusa. Bayan ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama ta kwashe ɗaruruwan gidaje, kowa ya ga amfanin irin wannan ɗauki. Akwai kuma hanyoyin da aka tsara na dindindin. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba masu zubi bashin gyaran gida. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara gina gidaje 250 a Katsina cikin shirin Renewed Hope, ƙarƙashin ministan gidaje na lokacin, Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar. Duk waɗannan suna da masu cin moriyarsu. Sai dai manomin masara da auduga a Tafoki ba shi da takardar albashi, ba shi da miliyoyin sayen gida a birni, kuma ɗakin da yake kwana a ciki shi da iyalinsa na ƙasa ne. Gida mafi araha a wurinsa shi ne wanda ya riga ya mallaka, in an hana shi faɗuwa. Wanda ya san yadda ake hana shi faɗuwa kuwa shi ne dattijon nan mai ƙwanƙwasa bango.

Aikinsa daga rami yake farawa. Kududdufan da ke gefen kowane tsohon gari namu ba haka kawai suka samu ba, daga cikinsu aka haƙo garin. Magini ba ya karɓar ƙasar sama, baƙar nan mai taki da saiwoyi wadda manomi ke so, domin abin da ke ciyar da shuka shi ke ruɓar da bango. Sai an yaye ta an kai ga ja, mai tsakuwa-tsakuwa, wadda ake kira birji, kuma kudancin Katsina Allah ya hore masa ita. Zai ɗebi tafi guda ya jiƙa, ya matse, ya buɗe hannu. In ta wargaje, yashi ya yi mata yawa, ba za ta kama ba. In ta manne masa a tafin hannu tana sheƙi kamar ta maginan tukwane, yumɓu ya rinjaya, za ta tsattsage idan ta bushe. Wadda yake nema ita ce mai riƙe siffar yatsunsa ta kuma saki hannunsa da tsabta. Sau da yawa ba a samun ta a rami ɗaya, sai ya ce a kawo kaya uku daga nan, ɗaya daga can. Ba shi da sikeli. Ma'auninsa tafin hannunsa ne, da tunawa da yadda ƙasar wancan ramin ta yi a ginin da ya yi da ita shekaru goma da suka wuce.

Sannan kwaɓi. A tara ƙasar, a farfasa ƙulalanta da fartanya, a buɗe mata rami a tsakiya a zuba ruwa, samari su naɗe wando su shiga da ƙafa. Ana takawa ana barbaɗa ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka daddatse, ko tattakar dabbobi, ko kashin doki da na jaki inda ake samu. Amfanin ciyawar shi ne ta riƙe ƙasar kamar yadda zare ke riƙe tufa, ta raba ƙarfin tsukewa lokacin bushewa don kada ya taru wuri guda ya fasa. A nan ne ake gane mai gaggawa. Shi yau zai kwaɓa, yau zai ɗora. Gwani kuwa tarawa zai yi ya rufe ya tafi, gobe ko jibi a sake jiƙawa a sake takawa, a maimaita haka kwanaki, har ciyawar ta yi laushi ta saki yauƙinta, kwaɓin ya fara wani tsami-tsami da hanci ke ji daga nesa. Idan ya cusa ƙafa ya zaro ya ji ƙasar tana riƙe diddigensa kafin ta sake shi, ya san ta nuna.

Wannan duka ruwa yake ci, kuma ruwa shi ne abu mafi tsada a ginin ƙasa, ba ƙasar ba. Shi ya sa aikin ke da kalandarsa. Da an gama kaka, kududdufi bai ƙafe ba tukuna, sama kuma ta ɗauke, lokacin yin tubali ke nan, iskar hunturu ta busar da shi. Tsakiyar rani lokacin gini ne da ɗora rufi. Bazara ta yaɓe ce da gyaran saman soro. Wanda ya bari har rijiyoyi suka ja baya, da jarka zai sayi ruwan kwaɓinsa daga masu kura.

Tubalin gargajiya ba shi da akwatin bugawa. Mai yin sa zai yanki curi, ya mirgina shi a ƙasa da tafuka biyu, ya fito da shi mai faɗin gindi da tsinin kai, kamar ƙaton ƙwai da aka zaunar. A jera su a rana kamar mako biyu. Yau da yawa sun koma bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa a akwatin katako, don ya fi sauri kuma ya fi miƙar da layi, ba kuma laifi ba ne. Amma siffar tsohon tubalin tana da hikimarta. Idan aka jera su gindi a ƙasa, kai a sama, tsakanin kawunansu yana barin gurabe, kwaɓin da aka cika guraben da shi kuma sai ya zama haƙoran da ke cizon sahu na gaba. Ba a shafa kwaɓin nan a hankali. Jifa ake yi da ƙarfi, don ya kori iska ya shige kowane lungu.

Kallon magini a kan bango abin sha'awa ne. Yana zaune a kai kamar mai hawan doki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana ja da baya yana gini a gabansa. Yaronsa na ƙasa yana wurgo masa tubali ɗaya-ɗaya, yana cafewa ba tare da ya duba ba, ya dasa, ya miƙa hannu curin kwaɓi ya riga ya iso. "Baba, a ƙaro?" "Ƙaro." Iyakar maganar ke nan, sauran duk hannu ne. Ba ya ɗora sahu da yawa a rana ɗaya, domin ɗanyen gini ba ya ɗaukar ɗanyen gini. Sai na ƙasa ya sha iska ya yi ƙarfi. Kuma yana hawa yana rage kauri, gindi mai faɗin tubali uku ko huɗu ya ƙare da ɗaya ko biyu a sama. Wannan ɗan jinginin da kake gani a jikin tsofaffin katangu, kamar suna tsaye da ƙafafu a buɗe, da gangan aka yi shi.

Gyara ya fi sabon gini wuya, kamar yadda ɗinkin tsohuwar riga ya fi yanka sabuwa neman basira. Ɗauki gindin bangon da danshi ya cinye. Mai ƙaramin sani zai kwaɓa ƙasa ya manna a ramin, ta bushe ta faɗo da ruwan farko. Gwani zai fara tokare bangon da itace in ramin ya yi zurfi. Sai ya kankare duk abin da ya marmashe har ya kai ga ƙasa mai rai, ya share ƙurar, ya yayyafa ruwa ya jira tsohon ginin ya sha, domin busasshen bango yana zuƙe ruwan sabon kwaɓi kafin su kama juna. Ba ya buɗe gindin gaba ɗaya. Kamu biyu zai gyara a nan, ya tsallake, ya gyara kamu biyu a can, sai sun bushe ya dawo kan na tsakiya, don kada a wayi gari bangon ba shi da abin tsayawa. Idan ya gama sai ya kewaye gindin da dakali. Mu mun ɗauki dakali wurin zaman hira ne da yamma. A wurin magini garkuwa ce: shi ke karɓar ruwan da ke fantsama daga ƙasa, da gogar awaki, ya lalace a sake shi, bangon na nan lafiya.

Tsagar da ta mutu kuwa ɗinke ta yake yi. Ya sassaƙa gurabe a gicciye a kanta, tazarar kamu ɗaya ko biyu, ya kwantar da guntayen azara a ciki, ya cike da kwaɓi mai ƙarfi, sannan ya bi tsawon tsagar yana cusa ƙasa da ɗan sanda har ta ƙoshi.

Azara ita ce ƙashin ginin Hausa. Daga giginya ake faskara ta, kuma an fi son namijin, wanda ba ya 'ya'ya, domin jikinsa ya fi tauri. Ɓangaren waje mai duhu da jijiyoyi shi ake so, farin cikin nan mai laushi a yar. Gara ba ta cika iya mata ba, kuma takan yi shekaru da yawa a cikin gini, har a rushe tsohon ɗaki a zare azararsa a sa a sabo. Amma tana da iyaka, kuma duk fasahar rufin soro daga sanin iyakar nan ta fito. Idan aka ɗora mata ƙasa, ba ta son ta tsallake fili fiye da kamu huɗu, wato kusan mita 1.8, ba tare da madogara ba. To yaya ake rufe ɗakin da ya fi haka faɗi? Sai a rage filin da dabara. A fito da azara daga cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa tsawo, a ɗaure su a lulluɓe da ƙasa su zama tauyi, wato hannun da bango ke miƙawa don ya karɓi rufi. A gicciya wasu a kusurwoyi su yanke lungunan. Filin da ya rage a tsakiya sai ya dawo daidai ƙarfin azara. Idan ɗakin babba ne, kamar zauren mai gari ko masallaci, sai a tayar da bakan gizo daga bango biyu, azara ɗaure da azara tana lanƙwasa har su haɗu a sama, a yi ɗaurin guga inda bakuna suka gicciya juna.

A kan azarar ake shimfiɗa zana ko kara, don ƙasa kada ta zubo, sannan a bi da kwaɓi hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. Saman soro a ido shimfiɗaɗɗe ne, amma ba a kwance yake ba. Magini yana ba shi ɗan gangare da ƙafa ke ji ido bai gani ba, yana kora ruwa zuwa indararo. A kewaye kuma ya ɗaga rawani, gajeren bangon da ke hana ruwa zuba ta ko'ina a jikin gini, da zankwaye a kusurwoyi, waɗanda ban da ado suna ƙara wa kusurwa nauyi, su kuma fara karɓar dukan ruwa kafin ya kai ga mahaɗar bango.

Akwai wani kuskure da ke kashe mutane, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Ɗaki ya yi yoyo, maigida ya hau ya ƙara ƙasa. Baɗi ya sake yoyo, ya sake ƙarawa. Shekara biyar, shida, rufin ya ninka nauyinsa, azarar ta fara lanƙwasa, tsakiya ta zama kwari, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin maimakon ya gudu. Ranar da aka yi kwana biyu ana marka a watan Agusta, ƙasar ta sha ta ƙoshi, sai rufin ya sauko kan masu barci. Gwani in ya hau, ragewa yake fara yi. Ya tuge ciyawar da ta tsiro, domin kowace saiwa hanyar ruwa ce. Ya kankare matacciyar ƙasa ya zubar. Ya sauko ya shiga ɗakin ya soki kan kowace azara da wuƙa a inda ta shiga bango, don a nan take fara ruɓewa. Sai ya tabbatar da abin da zai ɗauki kaya sannan ya ɗora kaya.

Indararo ma, ɗan ƙaramin abu, yana da hukuncinsa. A da na yumɓu ne ko kututturen giginya da aka fafe, yau yawanci guntun kwano ne da aka lanƙwasa. In ya gajarta, ruwan rufin gaba ɗaya a gindin bango zai riƙa sauka. In bakinsa na ciki bai zauna daram cikin kwaɓi ba, ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa ya shiga cikin bangon, inda ba mai gani sai ya gama ɓarna. Magini yakan ɓata lokaci a kan indararo ɗaya fiye da yadda yake yi a kan kamu goma na yaɓe, ya kuma ajiye dutse ko fasassun tukwane a inda ruwan zai faɗi.

Sai rigar ginin, wato yaɓe, kuma a nan ne nake ganin ilimin ya fi zurfi. Ɗorawa tana nuna a bazara, daidai lokacin da ake bukatarta. Yara su sha garin, mata su dafa kalwa su yi daddawa, ɓawon da ya rage shi ne makuba. A jiƙa shi ko a dafa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Abin da ke cikin ɓawon nan dangin wanda ke cikin bagaruwa ne da majema ke jima da shi, yana ɗaure ƙasa ya sa ruwa ya riƙa zamewa a kanta. Da hannu ake shafa yaɓen, daga sama zuwa ƙasa, kuma sawun yatsun da ake bari a jiki yana karya gudun ruwa. Bayan damina biyu ko uku a sabunta.

Wanda ya fi makuba ƙarko shi ne laso, simintin kakanninmu. Ana yin sa da katsi, wato laka mai shuni da ke taruwa a gindin karofin marina, a kwashe a busar a ƙona a daka. A haɗa da gashin jima da majema suka kankare daga fatun awaki, a kwaɓa da ruwan dafara, wata igiyar daji da ake daka saiwarta ta ba da yauƙi. Abin da ya fito yana hana ruwa shiga shekaru da dama, shi ya sa ake shafe saman soraye da rawani da shi. Dubi inda kayan suka fito: sauran marini, sauran majemi, sauran mai daddawa. Gidan Bahaushe da abin da sauran sana'o'i suka zubar aka kare shi daga ruwa. Da marinai suka mutu a yawancin garuruwa, sai irin su Ƙofar Mata a Kano, laso ya bi su. Da aka sassare ɗorawa don gawayi da faɗaɗa gona, makuba ta yi wuya. Giginya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa faskara, kuma an fi sara fiye da shukawa, har mutane suka koma sandunan turare da na bedi, waɗanda ba su kai azara ƙarko ba.

Gurbin laso siminti ya shiga, kuma a nan magini na gari yakan yi jayayya da maigida. Siminti da ƙasa ba jinsi ɗaya ba ne. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, tana kumbura ta saɓe. Siminti a sandare yake. Ka shafe bangon ƙasa da shi, shekara ɗaya ko biyu zai yi kyan gani, sannan ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa bangon a ɓoye. Ranar da ɓawon simintin ya ɓalle, sai a tarar da abin da ke bayansa ya zama gari. Inda dole sai an sa, gwani yakan kafa ƙusoshi ko ya dasa tsakuwa a jikin bangon don simintin ya sami abin kamawa, ya kuma fi son a kashe buhunan a inda suke da amfani na gaske: harsashi na dutse, dakali, bakin indararo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Buhu biyu a gindin bango sun fi goma a fuskarsa.

Kwano kam ba zan zage shi ba. A yanki mai ruwa kamar namu ya ceci ɗakuna da yawa, kuma ya sauke wa mutane tsoron marka. Amma shi ma yana son mai sani. Sai an bar masa baki mai tsawo ya rufa wa bango asiri, an kuma ɗaure katakonsa da waya an nutsar cikin ginin sahu uku ko huɗu, in ba haka ba guguwar farkon damina ta yaye shi kamar faifai. Zafinsa kuma kowa ya sani. Bango mai kauri da rufin ƙasa suna riƙe zafin rana ba su sake shi ciki ba sai dare ya raba, shi ya sa tsohon soro ke da sanyi da azahar.

Ƙasan ɗaki aikin mata ne. A zuba birji mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu tare suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba ana ƙara bugu, har daɓen ya yi sulɓi yana ɗaukar ido. A shafe bangon ciki da farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ta yi suna da ita.

Yanzu a lissafa abin da gyaran ɗaki ɗaya ya ci. Ƙasa kyauta ce, sai ladan jaki ko amalanke. Ciyawa da makuba na gida ne. Ƙarfin takawa da miƙo tubali, in akwai zumunci, gayya ce da tuwo da fura, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ke neman kuɗi tsaba shi ne ruwa, da 'yan azara ko katako, da indararo, da ladan magini. Kaɗan ne in an gwada da tayar da ɗakin da ya faɗi, amma yana zuwa a watannin da rumbu ya fara sauka kuma ana tanadin taki. Tallafi kuwa yawanci a Agusta ko Satumba yake isowa, bayan an yi asara, lokacin da ba a iya busar da tubali ko ɗaya. Da za a ba da rubu'insa a watan Fabrairu, a sa magina na gari su zagaya su ƙwanƙwasa bangayen gwauraye da tsofaffi da marayu, su faɗi wanda ke bukatar dakali da wanda ke bukatar a sauke masa rufi, da sunayen da ake rubutawa bayan ruwa sun ragu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, magini kuma shi ya san dalili. A kowace unguwa za ka ga maƙwabta biyu: ɗaya tun hunturu tubalinsa na shanye a bayan gida, ɗaya yana kan dakali yana sauraron ko an fara rubuta sunaye. Ruwa ɗaya ne zai sauka a kansu.

An taɓa gwada zuba kuɗin tallafi a hannun magina, kuma ba nesa da mu ba. A 1980, a Cikal da ke yankin Filinge a Nijar, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina rufin ƙasa zalla, ba azara ba katako, da dabarar tulluwa da baka da aka aro daga Nubiya ta ƙasar Masar. Kuɗin masu ba da taimako ya tafi ne wajen horar da magina a lokacin rani, su kuma suka koma garuruwansu suna yi wa mutane gini da kuɗin mutanen. Shirin ya bazu zuwa Mali da Burkina Faso, ya kuma sami lambar yabo ta World Habitat a 1998. Ba lallai dabarar da ta yi a busasshiyar ƙasa ta yi daidai da ruwan Faskari ba sai an gyara ta, amma hanyar da aka bi abin dubawa ce. Kuma ba baƙon abu aka dasa ba. Falke Barmu, manomi kuma magini, shi ya gina masallacin Yama a yankin Tawa a 1962, ginin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Kafin shi akwai Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya ɗaure bakunan masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru domin an sami hannuwan da suka gyara ta suka sake yaɓe ta. Dattijon Tafoki bai gina masallacin sarki ba, amma ilimin nan ne a hannunsa.

Bukatarsa kuma ta ƙaru ta hanya mai ciwo. Shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mutane suka bar gidajensu suka koma Funtuwa da manyan garuruwa. Ginin ƙasa ba ya jure kaɗaici. Damina biyu ba wanda ya tuge ciyawar rufi ko ya buɗe indararon da ya toshe, sai ya zama kango ko da ba a sa masa wuta ba. A Ngarannam ta jihar Borno, da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin jihar suka sake gina garin aka buɗe shi a 2022, mai zanen, Tosin Oshinowo, ta zauna da mutanen ta ji yadda suke zama, ta sa wa gidajen zaure. Amma ba kowane ƙauye ne zai sami irin wannan gata ba. Mafi yawan masu komawa gida da kansu za su tayar da bangayensu, kuma mutum na farko da za su nema shi ne wanda zai zagaya kangon ya ce wannan bangon a bar shi, wancan a kwantar da shi a jiƙa ƙasarsa a sake tubali da ita. Ƙasar tsohon gini ba ta mutuwa, an ma fi son ta, don ta riga ta sha kwaɓi.

Daren da ruwan farko ya sauka, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, magini ba ya barci sosai. Da asuba bayan salla zai bi gidajen da ya yi wa aiki, ya yi sallama, maigida ya fito ya ce, "Baba, ko ɗigo ba mu ji ba." Ya ce madalla, amma duk da haka a kawo tsani. Ya tuɓe takalmi ya hau, yana taka rufin a hankali da tafin ƙafa, yana neman inda ya yi laushi da inda ruwa ya kwanta ya bar da'irar laka. Ya leƙa bakin indararo ya zare ɗan karan da ya maƙale. In ya sami wuri guda da bai gamsu da shi ba, sai ya yi masa alama da diddige, ya leƙo ƙasa ya kira yaronsa ya kawo sauran kwaɓin nan da ya sa aka rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa tun ranar da aka gama aiki.